Abin Da Na Gani A Gidan Masu Kiwon Karnuka A Ƙasar Wales

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Na daɗe ina jin labari wai a ƙasashen Turai akwai gidajen da sana'arsu ita ce kiwon karnuka don sayarwa, kamar dai yadda matanmu kan turke tunkiya a tsakar gida, in ta haihu a sayar da 'ya'yan a yi wata lalura. Kullum in na ji, sai in yi murmushi, in ɗauka irin ƙarin gishirin nan ne na matafiya. Ashe da rabon wata rana zan zauna a ɗakin girkin wata dattijiya a yammacin ƙasar Wales, ga kofin shayi a hannuna, ga kwiyakwiyai shida suna barci cikin akwatin katako, tsakanina da su bai fi taku huɗu ba.

Dalilin tafiyar kuwa zumunci ne. Akwai 'yar ƙanwata da ke aikin jinya a wani asibiti a lardin Carmarthenshire, ta matsa lalle in na zo Landan kada in koma gida ban taka inda take ba. Na shiga jirgin ƙasa a tashar Paddington da safe. Muka yi ta keta gonaki har muka kai kogin Severn, wanda ke tsakanin Ingila da Wales ta wannan gefe. A nan jirgin ya nutsa cikin wani rami da aka haƙa a ƙarƙashin ruwan, tsawonsa ya ɗara mil 4, an kuwa buɗe shi tun 1886. Da muka fito sai ga mu a Wales. Muka wuce Cardiff, babban birnin ƙasar, muka isa Swansea, na sake jirgi. Daga garin Llanelli hanyar ta bi gaɓar teku, har wani wurin sai ka ga kamar jirgin zai tsoma ƙafa a ruwa, sa'an nan ta juya ta bi bakin kogin Tywi, inda ake hango kangon wata tsohuwar ganuwa a kan tudu a tsallaken ruwa. Wajen awa huɗu da barina Landan na sauka a garin Carmarthen.

Ƙasa ce ta tuddai da ruwan sama da ciyawa kore shar. Mutanen Wales duka sun ɗan haura miliyan 3, amma tumakinsu sun ninka su wajen sau uku, saboda haka duk tudun da ka ɗaga kai ka duba, fari-fari ne kamar an shanya auduga. Allunan kan hanya da harshe biyu ake rubuta su, nasu na gado a sama, Ingilishi a ƙasa, kuma a wannan lardi har yanzu za ka ji tsofaffi da yara suna hira da harshen iyayensu a kasuwa.

Kwana biyu da saukata sai 'yar tawa ta ce, "Kawu, ranar Asabar ka shirya, zan kai ka ka ga abin da za ka ba mutanen gida labari." Wadda za mu je wurinta tsohuwar abokiyar aikinta ce, ta yi shekaru tana jinya kafin ta yi ritaya, ita ce ma ta riƙe ta kamar 'ya sa'ad da ta zo ƙasar baƙuwa.

Gidan Da Mutanensa

Muka bar gari a mota, muka shiga wasu 'yan siraran hanyoyi masu shingen ƙaya hagu da dama, waɗanda in mota biyu suka haɗu sai ɗaya ta ja da baya. Gidan na dutse ne, an shafe shi da farar ƙasa, yana gindin wani tudu. A bayansa akwai tsohon garken shanu wanda yanzu ba kowa ciki sai itacen wuta. Maigidan manomi ne, ya sayar da shanun madararsa tun da daɗewa, ya rage 'yan tumaki da wani baƙin kare mai farin wuya da ke taya shi kora su.

Sai in faɗi gaskiya, na shiga gidan nan ina tattare bakin rigata. Mu dai a wurinmu kare na farauta ne ko na gadi ko na bin garke, wurin kwanansa waje. To, amma uwargidan mai hankali ce, 'yar tawa kuma ta riga ta yi mata bayani. Kafin mu iso ta sa wata 'yar ƙofar katako mai tsawon gwiwa ta raba ɗakin girkin biyu, karnuka can, baƙo nan. Ta ce in saki jikina, ba wanda zai taɓa ni sai in ni na so. Wannan karamci ya sa na zauna na buɗe ido da kunne sosai.

Karnukan kiwonta biyu ne, duka mata. Babbar ja ce, mai gashi nannaɗaɗɗe kamar na ɗan rago, irin wadda ake kira fudul. Ita ce mai jego. Ƙaramar kuwa 'yarta ce ta haihuwar fari, ba a taɓa kai ta barbara ba. Uban kwiyakwiyan wani kare ne mai dogayen kunnuwa, irin wanda ake kira koka, yana wani gari mai nisa, kuɗi aka biya mai shi aka kai masa karyar. 'Ya'yan da aka samu daga wannan haɗi su ake kira kokafu, watau an gutsuro sunan uba an liƙa da na uwa.

Asalin Fudul

Wanda ya ga fudul a hoto, an yi masa wani irin aski mai ban dariya, an bar masa tuntu a kai da wutsiya da idon sawu, zai ce wannan karen 'yan gayu ne tun asali. Ba haka ba ne. Yawancin masana tarihin karnuka sun tafi a kan cewa daga Jamus ya fito, sunan ma daga wata kalmar Jamusanci ne mai nufin fantsama cikin ruwa. Aikinsa na fari shi ne, in maharbi ya harbo agwagwar ruwa ta faɗa tafki, ya yi iyo ya ɗauko ta. Faransawa, waɗanda suka rungume shi har ake ce masa karen ƙasarsu, suna kiransa da wani suna da aka samo daga kalmarsu ta agwagwa. Askin nan ma, in ji masu ba da labarinsa, maharba suka fara shi: a aske bayan jiki don kada jiƙaƙƙen gashi ya yi masa nauyi, a bar na ƙirji da na gaɓoɓi don kada sanyin ruwa ya kama shi.

Girmansa iri-iri ne. Akwai babba mai kai wa mutum cinya, akwai matsakaici, akwai kuma ɗan mitsitsi wanda mace kan saɓa a hannu ɗaya. Abu biyu suka ɗaukaka shi. Na fari kaifin basira. Wani malamin jami'a a Kanada, Stanley Coren, ya fitar da littafi a 1994 inda ya jera karnuka bisa saurin koyo, ya sa fudul na biyu. Na ɗaya kuwa shi ne irin karen tumakin nan na maigidan, abin da ya sa shi dariya ƙwarai da na faɗa masa. Na biyu gashinsa. Sauran karnuka kan zubar da gashi ko'ina a gida, shi kuwa fudul nasa girma yake ta yi, wanda ya tsinke ma sai ya maƙale cikin nannaɗin, ba ya faɗuwa ƙasa sosai. Don haka ya shiga ran mazauna birni, har a Amurka ya riƙe matsayin karen da aka fi yi wa rajista tun daga 1960 har 1982.

Yadda Barbarar Yanyawa Ta Yi Daraja

A da, a wurin Turawa, kare mai daraja shi ne wanda aka san asalinsa kaka da kakanni, an rubuta a littafin ƙungiyar rajistar karnuka, wadda a Birtaniya aka kafa ta tun 1873. Wanda iyayensa iri biyu ne, barbarar yanyawa ke nan, kyauta ake bayarwa ko a karɓi abin da ya samu. Yau kuwa sau da yawa shi ya fi tsada. Yaya aka yi reshe ya juye da mujiya?

An fara haɗa fudul da koka a Amurka tun wajen shekarun 1950 zuwa 1960, amma abin da ya buɗe kasuwar sosai a Ostireliya ya faru. Akwai wani mutum, Wally Conron, mai kula da kiwo a ƙungiyar da ke horar da karnukan ja-gorar makafi. Wata makauniya daga tsibirin Hawai ta nemi a ba ta karen ja-gora, amma mijinta yana da borin jini, da ya kusanci kare sai atishawa da ƙaiƙayi. Conron ya yi shekara uku yana gwada manyan fudul fiye da 30, bai sami wanda ya dace da aikin ba. A ƙarshe ya haɗa fudul da labrado, irin karen da aka saba ba makafi. A 1989 aka haifi kwiyakwiyai uku. Aka aika da gashinsu da yawunsu Hawai aka gwada a jikin mijin, ɗaya kaɗai ne bai tayar masa da ciwon ba, shi aka horar aka kai wa matar.

Sauran biyun fa? Mutanen da ke layi suna jiran a ba su renon kwikwiyo duk suka ƙi karɓa, wai ba su son gauraye. Sai Conron ya ƙirƙiro suna, ya ce a gaya wa 'yan jarida an sami sabon irin kare mai suna labradudul. Nan da nan waya ta dinga ƙara daga ko'ina. Kare dai shi ne na jiya, suna kawai aka sake. Daga nan duniya ta ɗauka, aka shiga haɗa fudul da kowane irin kare ana laƙaba masa suna mai daɗin faɗi. A 2019, yana tsoho, Conron ya faɗa wa gidan rediyon ƙasarsu cewa wannan abu shi ne babbar nadamar rayuwarsa, don ya buɗe ƙofa ga masu neman kuɗi waɗanda ba ruwansu da lafiyar dabba.

Uwargidan ta san wannan labari sarai, ta kuma ce a lura da lissafinsa: ɗaya cikin uku. Kwiyakwiyan da ke gabanmu ma shaida ne. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma biyu gashinsu a nannaɗe, uku mai 'yar lanƙwasa, ɗaya kuwa santsi kamar na ubansa, kuma zai zubar da gashi kamar kowane kare. Ta ce ba ta taɓa yi wa mai saye alkawarin cewa karenta ba zai tayar masa da borin jini ba, gama abin da ke kawo ciwon yana cikin yawu da dattin fata, ba gashi kaɗai ba. Binciken da aka yi a ƙasar Holan a 2012 ya goyi bayanta, don bai sami ƙarancin wannan abu a jikin irin waɗannan karnuka ba. Haka kuma zancen da ake yi wai gauraye ya fi lafiya. Kwalejin likitocin dabbobi ta Landan ta kwatanta kokafu da labradudul da wani ɗan'uwansu da irin iyayensu a 2024, ta tarar a yawancin cututtuka ba wani bambanci.

Aikin Mako Takwas

Na tambaye ta ribar abin, sai ta tashi ta ɗauko wani littafi mai baƙin bango, irin na masu kanti, ta ce in fara ganin wahalar tukuna.

Aikin tun kafin barbara yake farawa. Akwai wata makanta ta gado da ke cin idon kare a hankali, tana cikin fudul, tana cikin koka, tana cikin labrado. Kare na iya ɗauke da ita a jininsa alhali idonsa garau. In aka haɗa masu ɗauke da ita biyu, to, bisa lissafi ɗaya cikin kowane 'ya'ya huɗu zai makance. Masu karatu za su ga kamannin wannan da yadda ciwon sikila ke bin jini, da dalilin da ya sa ake gwaji kafin aure. Saboda haka haɗa iri biyu ba ya tsare kome, sai an gwada uwa an gwada uba. Ta nuna mini takardun gwajin, da na likitan ido, da na hoton ƙashin ƙugu.

Cikin karya kwana 63 ne, ko sama ko ƙasa kaɗan. In haihuwa ta matso, uwargidan kan kawo katifa ta kwana a ɗakin girkin. Kwikwiyo kan zo duniya ido a rufe, kunne a toshe, ba ya ko iya riƙe ɗumin jikinsa, don haka akwatin yana kusa da wani babban murhun ƙarfe da ba a kashe shi dare da rana. A jikin akwatin ta ciki an kafa wani katako kewaye, don in uwar ta kwanta kada ta danne ɗa a bango. Kowace safiya sai ta ɗora kowane ɗaya a sikelin awon gari, ta rubuta nauyinsa. Ta ɗaura wa kowanne zare mai launi dabam a wuya don kada su rikice mata. In nauyin wani ya tsaya kwana biyu, ta san akwai magana, sai ta riƙa kai shi ga nonon baya, wanda ya fi ruwa, ta tsare shi har ya ƙoshi. Na ga hannun tsohuwar ma'aikaciyar jinya a shafukan nan, ba ranar da aka tsallake.

Wajen kwana 10 zuwa 14 idanu kan buɗe. A mako na uku zuwa na huɗu a fara ba su abinci mai ruwa-ruwa, ana ba su maganin tsutsar ciki a kan kari. Daga nan sai abin da ta ce ya fi kome muhimmanci, watau sabo. Makonnin nan na fari su ne lokacin da kwikwiyo ke koyon abin tsoro da abin da ba na tsoro ba. Don haka take renonsu a tsakiyar gida, su ji ƙarar tukwane da injin wanki da rediyo, jikokinta su zo su ɗauke su, a taɓa musu kunne da ƙafa, a sa musu mataji tun ba su da gashin kirki. Wanda ya tashi a rufe cikin rumbu bai san waɗannan ba, in ya girma sai ya zama matsoraci, matsoracin kare kuwa shi ne mai cizo.

Kafin su bar gida likitan dabbobi zai duba su, ya yi musu allurar rigakafi ta fari, ya kuma sa musu wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, mai ɗauke da lambar da za a gane mai kare in ya ɓace. Wannan doka ce a Birtaniya tun watan Afrilu na 2016, kuma mai kiwo ne za ta fara hawa kansa. Ba a raba kwikwiyo da uwarsa sai ya cika mako 8.

Da muka kai ƙarshen littafin, aka cire kuɗin barbara da na gwaje-gwaje da na likita da na abinci, abin da ya rage ba laifi, amma in aka raba shi bisa dararen da ba ta yi barci ba, bai kai albashinta na da ba. Maigidan, wanda ke jingine a bakin ƙofa yana saurare, ya ce shi dai har gobe bai gane yadda mutum zai ba da kuɗin tumaki da yawa a kan karen da ba ya iya koro ko tunkiya ɗaya ba.

Ɗaya Fuskar Lardin

A hanyarmu ta komawa 'yar tawa ta nuna mini wani dogon rumbu na kwano can nesa da hanya, ba taga. Ta ce ba ta san abin da ke ciki ba, amma a wannan lardi in mutum ya ga irinsa sai gabansa ya faɗi. Dalili kuwa, Carmarthenshire da maƙwabciyarta Ceredigion sun yi ƙaurin suna a Birtaniya a kan abin da ake kira gonakin kwiyakwiyai. Mutanen wurin sun ce abin ya yi ƙarfi ne bayan 1984, sa'ad da aka ƙayyade wa manoman Turai yawan madarar da za su sayar, wasu suka nemi wata hanyar samu, suka zuba karnuka a garken da shanu suka bari. A irin waɗannan wurare akan tara karnuka mata da yawa a keji, aikinsu haihuwa kawai, 'ya'yan kuma dillalai su kwashe su kai birane. A 2019 gidan talabijin na BBC ya nuna halin da karnuka ke ciki a wasu daga cikin wuraren nan, har da masu lasisin hukuma, abin ya tayar da hankalin jama'a ƙwarai.

Wata 'yar karya mai suna Lucy ita ta zama tutar masu yaƙi da wannan sana'a. An ceto ta daga wata gona a Wales a 2013, bayanta ya tanƙware saboda zaman keji, tana kuma fama da farfaɗiya. Ta mutu a 2016. Da sunanta aka yi dokar da ta hana dillali sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, sai dai a saya kai tsaye daga wanda ya kiwata, ko a karɓo daga gidan ceton dabbobi. Dokar ta fara aiki a Ingila ran 6 ga Afrilu, 2020, Wales kuma ta yi tata a watan Satumba na 2021.

To, amma in an toshe wata kafa, mai son zuciya sai ya haƙa wata. Da masu saye suka koyi cewa kwikwiyon gida ya fi, sai 'yan damfara suka shiga kwaikwayon gidan. A kama hayar ɗaki, a shimfiɗa bargo mai kyau, a ajiye wata karya a ce ita ce uwar, a sa hoto a intanet. Wannan ne ya fi ɓata wa uwargidan rai, domin da rigarta ake yin satar. Kuma dokar kiwo ta Wales ta 2014 ta wajabta lasisi ne a kan mai karnuka mata uku ko fiye da ke samun haihuwa uku a shekara. Mai karya biyu da haihuwa ɗaya kamarta, ba jami'in da ke zuwa duba akwatinta. Abin da zai hana ta wuce gona da iri yana cikin ƙirjinta ne kawai.

Shekarar Kulle

Mako biyu bayan haka na roƙi 'yar tawa ta sake kai ni, don in yi sallama. A wannan zuwa ne uwargidan ta ba ni labarin da ban tambaya ba.

A 2020, da annobar korona ta kulle mutane a gidajensu, kowa ya ga yana son kare ya ɗebe masa kewa. Farashin kwikwiyo a Birtaniya ya ninka, ya ma wuce. Wayarta ba ta hutawa, mutane suna cewa ta faɗi ko nawa ne. A lokacin rufin gidansu yana yoyo. Tana da wata karya, yayar wannan ja, wadda ba ta daɗe da yaye ba, ƙa'idarta kuwa ita ce a bar uwa ta huta shekara guda cur. Ta ce ta yi ta gaya wa kanta cewa sau ɗaya ba zai yi kome ba, har ta yarda. Haihuwar ta zo da gardama, aka kwashi karyar da tsakar dare zuwa wurin likita, aka yi mata aiki. Biyu cikin 'ya'yan ba su zo da rai ba, uwar kuma ba ta ƙara komawa yadda take ba.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Da yake doka ta hana ziyara, ta sayar da sauran ga mutanen da ba ta taɓa zama da su ba, a waya kawai suka yi magana. Bayan shekara ɗaya da rabi aka dawo mata da ɗaya. Masu shi sun koma aiki, ba mai zama da shi, ba su kuma san cewa gashin irin wannan kare yana bukatar tajewa kusan kullum da aski kamar kowane mako shida ba. Gashin ya cuɗe ya zama kamar tabarma a jikinsa, ƙarƙashinsa duk gyambo, sai da aka yi masa ƙwal-kwabo. Ta nuna mini shi ta taga, yana bin maigidan zuwa wurin tumaki. Ta ce, "An gyara rufin. Amma duk ran da aka yi ruwa na ji shi a kan kwanon, sai na tuna da me na biya."

Muna cikin wannan magana sai ga mota. Wani mutum ne da matarsa daga birni, sun ga kwiyakwiyan sau ɗaya, sun zaɓi mai jan zare. Yanzu suna so su tafi da shi a ranar, don jibi ne bikin ranar haihuwar 'yarsu, kwikwiyon kuwa saura kwana 10 ya cika mako 8. Mutumin ya ce zai ƙara kuɗi. Uwargidan ta ba su kujera, ta zuba musu shayi, ta ce a'a cikin fara'a. Ta ce su ɗauki hotonsa su kai wa yarinyar, su kawo ta ranar Asabar ta gan shi tare da uwarsa. Sa'an nan ta shiga yi musu tambayoyi kamar mai binciken wanda ya zo neman auren 'yarta: wa ke gida da rana, ina za a bar shi in za su yi tafiya, sun san kare irin wannan yakan yi shekara 12 zuwa 15 a duniya? Ta karanta musu sharaɗinta, cewa duk ran da suka kasa riƙe shi, ko bayan shekara goma ne, gidanta za su dawo da shi, ba kasuwa ba. Mutumin ya fita fuska a ɗaure. Matar kuwa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce za su zo ranar Asabar.

Ba zan ɓoye wa masu karatu ba, akwai mutane da yawa a Birtaniya da ke ganin ko irin wannan kiwo ma bai kamata ba, tun da gidajen ceton dabbobi cike suke da karnukan da aka yasar, ciki har da 'yan shekarar kulle. Na faɗa mata haka. Ba ta yi musu ba. Ta ce muddin mutane na son kwikwiyo, wani zai haifa musu, gara ya fito daga ɗakin girki da ya fito daga rumbu. Amma ta ƙara da cewa wannan haihuwa ta uku ita ce ta ƙarshe ga jar karyar, ko da yake ƙa'idar masu lasisi ta yarda har shida. Da an yaye za a kai ta a cire mata mahaifa, ta ci gaba da zamanta a gindin murhu. Ƙaramar kuma sai ta cika shekara biyu, an gwada ta, sa'an nan a ga abin da hali zai yi.

Na daɗe ina juya wannan a raina cikin jirgin komawa Landan. Ban fito gidan nan da sha'awar ajiye kare a ɗaki ba, yadda na shiga haka na fita. Amma na gane matar, don na san irinta a gida: mai kiwon da ta san kowace dabbarta da halinta, wadda kan tashi cikin dare in ta ji kukan da ba ta saba ji ba. Na kuma san ɗaya irin, wanda in kasuwa ta yi kyau ba ya ganin rai sai lissafi. Abin da na koya a Wales shi ne, sau da yawa waɗannan biyu ba mutum biyu ba ne. Mutum ɗaya ne, shekara ce kawai ta bambanta, da yoyon rufi, da mai saye a bakin ƙofa yana cewa a faɗi ko nawa ne.

Da za mu rabu ta miƙo mini mai jan zaren ta saman 'yar ƙofar, ta ce ko zan taɓa. Na sa yatsa ɗaya a bayansa. Gashin laushi gare shi kamar na ɗan ragon da aka haifa jiya. Bayan na dawo gida 'yar tawa ta aiko mini da saƙo cewa mutanen nan sun zo ranar Asabar ɗin, har da yarinyar, kuma sun jira kwanakin suka cika.

To, jama'a, abin da na gani ke nan. Sai wani mako, in Allah ya kai mu.